Baffan Aro

A layin teloli na Wunti akwai wani ƙaramin shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai sayar da maɓallai da mai guga. Yanzu gyaran waya ake yi a ciki, amma a nan Ja'afaru tela ya cinye ƙuruciyarsa da tsufansa a kan keken ɗinki. Allah ya jiƙansa. In ka tambayi mutanen Bauchi Ja'afaru, sai su ce maka wane Ja'afarun, don suna da yawa. Amma ka ce Malam Ɓurma, nan take za ka ga haƙora a waje, har na dattawan da ba a cika ganin dariyarsu ba.

Haifaffen Ƙofar Dumi ne, su biyu rak a wurin mahaifinsu, shi da ƙaninsa Hammadu. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya son hayaniya, ba ya zaman majalisa. Sai dai Allah ya yi masa wata irin fuska doguwa, ga manyan kunnuwa, ga idanu kullum kamar na wanda aka tasa daga barci. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ka ga wani ya sunkuyar da kai yana cije leɓe. Shi bai yi komai ba, halitta ce.

Ta hanyar ɗinki ya faɗa wasan kwaikwayo. Lokacin da Bauchi ta zama babban birnin jiha, gari ya cika da ma'aikata, aka buɗe gidan talabijin, wasu samari suka kafa ƙungiyar wasa. Suka kawo masa aikin wata babbar riga, suka ce so suke ta fito kamar ta matsiyacin da ya gaje ta wurin kakansa. Ja'afaru ya zauna ya yi mata faci a kan faci. Da ya kai musu wurin gwaji, wanda zai sa rigar bai zo ba, sai aka ce ya zura ta a ga yadda ta zauna. Ya zura, ya juyo yana tambaya ko hannun ya yi. Shugaban ƙungiyar ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Daga ranar wancan bawan Allah da bai zo ba ya rasa aikinsa.

Wasan da ya fito da shi sunansa Zauren Alhaji. Malam Ɓurma talaka ne tilis, mai faskaren itace, ya je nema wa ɗan ɗan'uwansa auren 'yar wani attajiri. Yana shiga sai ya tuɓe takalmansa ya maƙale su a hammata, wai kada a sace. A nuna masa kujera, ya tsuguna a gefenta. Ya buɗe baki ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman iri," sai hula ta faɗo, ya kai hannu zai tare ta, takalma su zube. Alhaji ya kore shi, ya ba wani mai mota 'yarsa, mai motar ya tashi a ɗan damfara. A ƙarshe Alhaji da kansa yake zuwa bukkar Malam Ɓurma yana ba da haƙuri. An yi ta maimaita wasan nan shekara da shekaru, a talabijin da kan dandamali, har kaset aka yi. A lokacin ba kowane gida ke da talabijin ba, sai ka ga unguwa guda ta taru a ƙofar mai ita, ana ta sheƙa dariya.

Ja'afaru bai yi arziki da wasa ba, keke ne ya ci gaba da ciyar da shi. Amma yana alfahari da abin a ransa. Ya yarda cewa wa'azi yake yi ta hanyar da ba ta ɗaci. Yakan ce wa matarsa Maimuna, duk mai kuɗin da ya yi dariyar Alhaji ya ga kansa a madubi, gobe in talaka ya shigo zaurensa zai ji kunyar wulaƙanta shi. Ita kuwa takan ce to, Allah ya sa, ta ci gaba da tankaɗenta.

Allah bai ba su haihuwa ba. Suna cikin wannan jira Hammadu ya rasu a hatsarin mota a hanyar Jos, ya bar ɗa namiji guda, Mansir, ko makarantar allo bai shiga ba. Uwar yaron ta gama takaba ta yi aure a Azare, aka bar shi a hannun baffansa. Ja'afaru bai taɓa cewa ɗan ƙanina ba, ɗana yake cewa. A ƙarƙashin teburin yanka Mansir ya yi barcin rana, da ƙyallayen shago ya yi wasa. Da ya isa koyon sana'a, Ja'afaru ya hana shi taɓa almakashi, ya ce mutum ɗaya ya isa ya ranƙwafa a gidan nan. Mansir ya yi karatu har jami'a, ya samu aiki a sakatariya, ya zama irin samarin da ake nuna wa yara a ce ku yi koyi da wane.

A wurin aiki ya haɗu da Khadijatu. 'Yar manyan gida ce, mahaifinta babban ma'aikaci ne, suna zaune can unguwar da gidaje ke da maigadi da furanni. Suka fahimci juna, mahaifiyarta Hajja ta ga yaron ta yaba da natsuwarsa, aka ce ya turo magabatansa.

To, al'adarmu ce, uba ba ya zuwa neman aure da kansa, kuma ba a wurin uban yarinya ake nema ba. Baffan yaro ne ke zuwa wurin baffan yarinya. Shi zai nema, shi zai kai kaya, ranar ɗaurin aure shi zai zauna gaban liman ya karɓa. Mansir ba shi da uba, ba shi da wani baffa a duniya sai Ja'afaru. Wannan rana Ja'afaru ya daɗe yana jiran ta. Ya taɓa gaya wa Maimuna cewa ranar da ya karɓa wa Mansir aure, ranar zai sauke amanar Hammadu, in ya so ko washegari ya mutu.

Baffan Khadijatu shi ne Alhaji Ladan, yayan mahaifinta, wanda ya yi ritaya daga babban muƙami. Ja'afaru ya ɗinka wa kansa farar shadda, ya sa aka yi mata bugu, ya ɗauki dattawa biyu na unguwa, suka tafi bayan la'asar. A hanya yana ta bitar maganar da zai yi. Abin mamaki, mutumin da ya nemi aure a gaban dubban 'yan kallo, ranar nan sai ga shi yana bita kamar sabon shiga.

Ya ajiye takalmansa a bakin ƙofa kamar kowa. Ya yi sallama, suka shiga falo, suka tarar da Alhaji Ladan da 'yan'uwansa sun jeru. Tun kafin a amsa sallamar ya ga fuskokin sun fara saki. Aka gaisa, aka kawo ruwa da lemo. Ja'afaru ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma. Mun zo ne a kan maganar ɗanmu Mansir. Mun zo neman iri."

Wani daga gefe ya fashe, ya toshe baki da hannun riga. Na kusa da shi ya kama. Alhaji Ladan ya daure, ya daure, shi ma ya saki.

"Malam Ɓurma," in ji shi yana share ido, "yau ina takalman? Ba ka tsoron a sace?"

Ja'afaru ya yi murmushi, ya ce ai gidan amana ya zo. Wannan ma aka yi dariya.

"Wallahi tun muna ƙananan ma'aikata muke kallon ka," in ji Alhaji. "Don Allah ɗan taɓa mana kaɗan. Ga mata can bayan labule, tun safe suke jira da suka ji kai ne za ka zo."

A nan ne Ja'afaru ya yi kuskuren da ya bi shi har kabari, kuma ba don sakarci ya yi shi ba. Duk rayuwarsa da dariya yake buɗe ƙofa. Da ita yake lallashin mai kayan da bai gama wa ɗinkin salla ba, da ita yake raba faɗa a layi. Ya ce a ransa, wanda ka sa dariya ba ya iya ce maka a'a. Ɗaya daga dattawan da suka rako shi ya ɗan taɓa masa gwiwa, bai kula ba. Ya tashi ya fita, ya dawo da takalma a hammata. Ya tsuguna gefen kujera da farar shaddarsa. Hula ta faɗo, takalma suka zube. Falo ya ɗauka, bayan labule har da mai kiran wayyo cikina. Bai taɓa yin wasan ya yi kyau kamar na ranar ba, don da dukkan zuciyarsa ya yi shi.

Da ya koma kujera ya nemi ya ɗora maganar aure, sai ta ƙi ɗoruwa. Ya ce Mansir maraya ne, shi ya riƙe shi, wani ya ce Allah sarki Malam Ɓurma, aka sake kwashewa. Ya ce yaron yana da aikin yi, aka yi dariya. Duk kalmar da ta fito daga bakinsa, ta Malam Ɓurma suke ji. A ƙarshe Alhaji Ladan ya ce sun ji, za su yi shawara. Da za su tafi ya shiga ciki ya fito da wata babbar riga mai aiki, ya ɗora wa Ja'afaru a kafaɗa, ya ce wannan tukuicin nishaɗin da aka ba su ne.

Kowa ya san wanda ake yi wa kyautar riga a kafaɗa bayan ya gama sa mutane nishaɗi. Makaɗi ake yi wa, da maroƙi. Ja'afaru ya sani, dattawan nan biyu ma sun sani. Mayar da kyautar babba a gidansa kuwa ba abin yi ba ne ga mai neman alfarma. Ya yi godiya. Suka kamo hanyar Ƙofar Dumi.

Maimuna na ganin rigar ta ajiye muciya. Ta dubi rigar, ta dubi mijinta, ta ce, "Malam, neman aure ka je ko roƙo?" Tana rufe baki ta yi nadama, don ta ga yadda maganar ta shige shi. Bai ci tuwon ranar ba.

Amsa ba ta zo ta hannun maza ba. Hajja ce ta aiko wata tsohuwa wurin Maimuna, da lafazi mai laushi kamar auduga. Wai su ba su ƙi yaro ba, yaro kam ba shi da makusa. Amma ranar ɗaurin aure manyan mutane za su zo daga Kaduna da Abuja, kuma an ga abin da ya faru a falo. In Malam Ɓurma ya zauna gaban liman ya ce ya karɓa, taron zai koma gidan kallo, a yi ta ba da labari har jikoki. Alhaji Ladan ya ce shi ba zai miƙa 'yarsu a hannun ɗan wasa ba. In akwai wani dattijo mai kamala da zai tsaya, to bismilla. In babu, kowa ya riƙe nasa.

Da Mansir ya ji, ya zo shago ransa a ɓace, ya tsaya kan baffansa yana huci.

"Baffa, na haƙura da auren. Wanda bai ɗauke ka uba ba, ni ma ba ɗa ba ne a wurinsa."

"Yarinyar ce ta ce haka?" in ji Ja'afaru, bai ɗago daga keke ba.

"A'a. Ita kuka take ta yi."

"To me ta yi maka da za ka hukunta ta? Ni na je na yi rawa a falon mutane, ba ita ba."

"Su suka sa ka, Baffa."

"Sun roƙa, na yi. Da na ce a'a, ba za su ɗaure ni ba. Je ka, zan yi tunani."

Tunanin bai yi tsawo ba, amma ya yi nauyi. Ja'afaru ya san Mansir zai iya fasawa don shi, kuma ya san irin zaman da za su yi bayan haka, yaro yana kallon baffansa kullum yana tuna abin da ya rasa. Washegari bayan sallar asuba ya tsaya a masallacin unguwa har mutane suka watse, ya matsa kusa da Modibbo. Modibbo shi ne malamin da ya saukar da Mansir Alƙur'ani, dattijo mai farin gemu wanda in ya shigo wuri ake rage murya. Ba su haɗa jini da su Ja'afaru ba ko ta nesa.

"Allah gafarta malam, aron ka na zo yi," in ji Ja'afaru. Ya kwashe labarin duka ya gaya masa, bai rage nasa laifin ba.

Modibbo ya ajiye carbinsa. Ya ce a shari'a babu laifi, ango yana iya wakilta wanda ya so. "Amma Ja'afaru, wannan kujerar taka ce. Kai ka yi wahalar. Ka tabbata?"

"Kujerar ce ba ta karɓe ni ba, malam. Ka taimake ni ka zauna."

Modibbo ya je gidan Alhaji Ladan da rawaninsa, magana ba ta kai tsawon shan shayi ba aka ba shi. Aka sa rana. Mansir ya kwana biyu ba ya cin abinci a gidan, sannan ya sauko, bisa sharaɗin cewa baffansa ne zai ɗinka masa kayan ango kuma zai halarci ɗaurin auren. Ja'afaru ya ce wannan mai sauƙi ne.

Yana cikin aikin rigar ne wata rana Malama Paulina ta zo shagon da ɗalibanta. Malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata, mutuniyar kudancin jihar, kuma tsohuwar mai kawo masa ɗinki. Ta nuna wa 'yan ajinta kaset ɗin Zauren Alhaji, ta sa su nazarin abin da wasan ke faɗi game da aure da bambancin mai kuɗi da talaka. Da ma takan kawo ɗalibai lokaci-lokaci, kuma Ja'afaru yakan ji daɗin zuwansu ƙwarai. Suka cika ƙofar shagon da fararen hijabai da ɗankwalaye. Wata ta karanto abin da suka gano, cewa jigon wasan shi ne mutunci ya fi dukiya, kuma girman kai rawanin tsiya ne. Da can da ya ji haka sai ya gyaɗa kai har hula ta motsa. Ranar nan sai ya ci gaba da warware zare.

Wata siririya daga baya ta ce, "Baba, a gaske ma masu kuɗi suna zuwa gidan talaka su ba da haƙuri?"

"Ban taɓa gani ba, 'yata," in ji shi. "Mu muka rubuta haka don mu ji sanyi." Ya juya wurin malamar. "Malama, in kun koma ku sake sa kaset ɗin. Kada ku kalla, ku saurara kawai, ku ji inda mutane ke dariya. Ni da na ɗauka Alhaji ake yi wa. Kwanan nan na zauna na tuna. Duk inda aka fashe, ni ne a tsugune."

"Na lura da haka, Baba," in ji Malama Paulina a hankali. "Na so in ji ko kai ma ka lura."

'Yan matan suka fara roƙon ya ɗan yi musu na takalman nan. Tunda ya fara wasa bai taɓa hana kowa ba, ko a kasuwa aka tare shi sai ya ɗan taɓa. Ya ce su yi haƙuri, yau aiki ya yi masa yawa. Malamar ta dubi idonsa, ta tattara ɗalibanta suka tafi. Bai sake hawa dandamali ba daga wannan shekarar.

Ranar Asabar da hantsi aka ɗaura auren a ƙofar gidan Alhaji Ladan. An kafa rumfuna, motoci sun cika titi har kwana. Mansir ya aiko mota don ta ɗauko baffansa, aka ce wa direban ya riga ya hau acaɓa. Ja'afaru ya zo kamar yadda ya yi alkawari, amma bai shiga rumfa ba. Ya san in ya ratsa taron nan da fuskarsa, abin da ake gudu shi zai faru, kuma a kan Mansir zai ƙare. Ya tsallaka titi ya tsaya ƙarƙashin wata bishiyar dogonyaro, inda direbobin manya ke jiran iyayen gidansu. Ya ja hula ta rufe goshi.

Daga nan yana hango Mansir cikin rigar, fara sol, aikin wuyan yana ɗaukar ido. Yaron sai waige-waige yake yi, abokai suna jan hannunsa, shi kuwa idonsa na bin layin kujeru ɗaya bayan ɗaya. Ja'afaru ya matsa bayan bishiyar.

Lasifika ta yi ƙara, aka nemi shiru. Liman ya tambayi wakilin ango. Sai muryar Modibbo ta fito, a natse, babu wanda ya yi ko tari.

"Ina nema wa ɗana Mansir auren Khadijatu."

Alhaji Ladan ya ce ya ba shi. Modibbo ya ce ya karɓa wa ɗansa. Aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya yana sanar da jama'a cewa aure ya ɗauru. Ja'afaru ya ɗaga hannu shi ma ya shafa, ya daɗe bai sauke tafukan daga fuskarsa ba. Ya yi murna, Allah ya sani ya yi murna. Amma kalmar nan ta ɗana da ta fito daga bakin wani ta soke shi inda bai yi zato ba, ya ji kamar yau ne aka zo masa da labarin Hammadu.

Wani direba da ke jingine da mota ya ƙura masa ido, sai ya washe baki.

"Kai! Malam Ɓurma ne? Ashe kana nan da rai! Me ya haɗa ka da bikin manya? Ta wajen ango kake ko ta wajen amarya?"

Ja'afaru ya share fuska da hannun riga. Ya dubi rumfar, inda manyan mutane suka yi layi suna miƙa wa Modibbo hannu suna taya shi murna.

"Ni ne telan ango," in ji shi.

Direban ya miƙa wuya ya hango rigar Mansir, ya ce gaskiya aiki ya yi kyau. Ja'afaru ya ce ya gode.